Tulunan Baba Bassu

Tizgi, 16 ga Afrilu, 1995

Zuwa ga ƙanena Assu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Fadma da yara. Baba yana gaishe ka. Ya ce in tambaye ka ko tarin nan ya sake ka. Na ce masa mutumin da ya yi wata huɗu bai rubuto ba, ai hannunsa ne ke ciwo, ba ƙirjinsa ba.

Ranar Talata muka hau tafki da kifin bana. Motar gidan ƙyanƙyasa ta tsaya a bakin kwalta kamar kullum, muka zuba 'ya'yan kifin nan da ake kira bakan gizo a tulunan ƙarfen nan huɗu, kowane kifi bai wuce tsawon tafin hannuna ba. Ka san dokar Baba: daga kwalta har tafki alfadari ba ya tsayawa, don in ruwan tulu ya daina girgiza kifi sun shaƙe. Awa biyu tsohon nan yana tafe yana dukan tulu da tafin hannu, gwiwarsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na ce ya hau dutse ya huta in ja akalar. Ya ce, "Ke Itto, ranar da na zauna, ki tabbata ɗaukata za a yi."

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Tafki ya ja baya, Assu. Dutsen nan da kake tsalle daga kansa kana faɗawa ruwa, yau taku ashirin ne tsakaninsa da ruwan. Dusar ƙanƙara ba ta zauna a kan tsauni ko mako biyu ba bana.

Jami'in ofishin ruwa da daji ya biyo mu, wani sabo, saurayi mai tabarau. Ya zagaya tafkin, ya dawo ya sha shayi kofi uku kafin ya iya buɗe baki. Ya ce ofis ya gaji da zuba kifi a tafkunan da zafi ke kashe su. Kafin mu sake su, sai da ya sa almakashi ya yanke wa kowane ɗan ƙaramin fiffiken tsokar nan na kusa da wutsiya, don a shaida su. Zai dawo a Oktoba. In an kama ko guda ɗaya mai wannan shaida a gaban idonsa, Tizgi ta zauna a littafi. In ba a kama ba, ya soke ta, ba a ƙara kawo mana kifi. Ka kuwa san bakan gizo ba ya haihuwa a tafkin nan. Abin da aka zuba shi ke nan.

Baba ya ce masa, "Shekara talatin da ɗaya ina gadin ruwan nan, ɗana. Kana cikin zanin goyo na fara."

Ya ce, "Na sani, Baba Bassu. Shi ya sa na zo da kaina ban aiko takarda ba."

Tun ranar Baba bai cinye gurasarsa ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Tun rasuwar Inna, tafkin nan ne kawai ke tashinsa da safe.

Itatuwan tuffarka sun yi fure. Haddu ɗan kawu yana kunna injin rijiyarka kullum kamar yadda ka ce.

Ka rubuto, don Allah.

Yayarka,
Itto

*

Saint-Étienne, 7 ga Mayu, 1995

Yaya Itto,

Gaisuwa da girmamawa. Ki durƙusa ki gaishe mini da Baba. Hannuna lafiya lau, bakinki ma na ga yana nan da kaifinsa, alhamdu lillahi.

Kin tayar mini da hankali a banza. Kifi guda ɗaya? Baba da ke kama bakan gizo da fara ɗaya alhali 'yan birni sun wuni da akwatin fatsa ba su ga ko wutsiya ba? Ki bar saurayin nan ya zo da tabaransa, zai koma da kifi a jaka har ya kai wa uwarsa. Tafki kuma ya saba ja da baya. Shekarar da aka haifi ƙanwarmu Yamna ba a tsakiyarsa muka buga ƙwallo ba? Ya dawo.

Ki ba ni labarin tuffa sosai. Kin ce "sun yi fure" kamar mai ba da labarin kazar maƙwabta. Itace ɗari huɗu ne fa, kuma bana ce shekararsu ta farko ta haihuwar kirki. Hotonsu na manne a ƙofar akwatin kayana a wurin aiki, Turawa na tambaya ko 'ya'yana ne. Ki gaya wa Haddu kada ya yi wasa da ban ruwa in zafi ya shigo, in ba haka ba in na zo sai na ja masa kunne a gaban matarsa.

Na aiko wa Baba man shafawa na gwiwa ta hannun wani ɗan garin Azru. Ki tilasta masa. Tari da sauƙi, ƙurar ƙarfe ce kawai.

Ƙanenki mai biyayya, ko ba ki yarda ba,
Assu

*

Tizgi, 9 ga Yuli, 1995

Assu,

Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka. Man ya iso, Baba ya shafa wa alfadari.

Ba a tsakiyar tafki kuka buga ƙwallo ba, a gefensa ne, kuma a shekarar babu rijiya ko ɗaya a kwarin nan. Ka karanta abin da zan faɗa maka a zaune.

Ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jariri. Kifin duk sun taru wuri ɗaya, a bakin idon ruwan da ke ɓuɓɓugowa ƙarƙashin dutsen gabas, don nan ne kawai sauran sanyi. In ka leƙa za ka gan su jere, kai a wuri ɗaya, bakinsu na buɗewa yana rufewa. Baba ya sassaro rassa ya yi musu rumfa a kan ruwa. Ya jingine sandar fatsarsa tun watan jiya. Shekaran jiya wasu mutum biyu suka hau daga birnin Meknes da takardar izinin kamun kifi, ya tare su a hanya.

Ɗayan, mai tumbi, ya ce, "Tsoho, ga takarda, ga hatimi. Kai ne gwamnati?"

Baba ya ce, "A'a, ni ne wanda ya ɗauko su a bayan alfadari. Ka je ka jefa fatsarka a cikin hatimin."

Sai da na fito da shayi da zuma kafin suka sauka ba tare da sun kai ƙara ba.

Yanzu ga maganar. Na ga Baba ya ɗauki zaren ulu ja daga masaƙata, ban tambaye shi ba, na bi shi. Ya ɗaura zaren a kan sanda ya kafa a bakin idon ruwan. In ruwa na fitowa da ƙarfi, zaren yakan miƙe yana rawa. Kwana shida na je ina dubawa, zaren yana kwance kamar matacciyar tana. Ranar Juma'a, da Haddu ya kashe injinka ya sauka masallaci, kafin la'asar zaren ya miƙe. Da idona na gani, Juma'a biyu a jere. Rijiyarka ce mafi kusa da tafki, Assu. Ruwan kifin Baba kake ba tuffarka.

Baba ya sani, ya kuma hana ni faɗa maka. Ya ce, "Yaron nan ƙarfe yake haɗiya a ƙasar mutane saboda itatuwan nan. Ki bar shi." To ni ban iya bari ba, ka san ni.

Smayim na shigowa ranar ashirin da biyar ga wata, kwana arba'in ɗin nan da ko kare ba ya fita rana. Ina roƙonka ka ba da izini a kashe injin har su wuce. Ban san abin da zai sami tuffa ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na san abin da zai sami Baba.

Ka amsa da wuri.

Itto

*

Saint-Étienne, 26 ga Yuli, 1995

Yaya,

Gaisuwa. Wasiƙarki ta yi kwana goma sha biyar a hanya, na karanta ta a tsaye duk da kin ce in zauna.

A'a. Ban yarda ba, kuma ki gaya wa Haddu ban yarda ba.

Rijiya goma sha biyu ce a kwarin nan, Yaya. Tawa ce kawai ke shan ruwa, sauran addu'a suke ɗagowa? In na kashe tawa, maƙwabtanmu su Akka za su kashe nasu ne? Ruwan da na bari su za su zuƙe, kifi su mutu, itatuwana su bi su. Kwana arba'in ba ruwa a smayim! Ko ke aka hana ruwa kwana arba'in sai kin zubar da 'ya'ya.

Tunda abin ya kai haka, bari in faɗa miki abin da na ɓoye. Tarin ba ƙura ba ce kawai. Likita ya ɗauki hoton ƙirjina ya ce in bar gaban wutar narka ƙarfe, masana'antar kuma ta ce in ba gaban wuta ba, ba ta da wurin da za ta sa ni. Ƙarshen shekara zan ajiye aiki. Shekara goma sha tara, Yaya, ba ni da komai a duniya sai itatuwan nan. Su zan dawo in zauna a ƙarƙashinsu. Kada ki faɗa wa Baba.

Ba wai ba na jin tausayinsa ba ne. Ni ma a kafaɗarsa na fara ganin bakan gizo ya yi tsalle. Ga dabara, ki saurare ni ba tare da kin yi mini wa'azi ba. Akwai masu kiwon kifi a tankunan siminti a hanyar Azru. Kwana kaɗan kafin mai tabarau ya zo, ki sayi biyar ko shida daidai girman na Baba, ki yanke musu fiffiken nan da almakashinki, ki sake su a bakin idon ruwa. Kifin kiwo wawa ne, ko igiyar takalmi ka jefa masa zai haɗiye. Baba ya kama, yaro ya rubuta, kowa ya koma gida. Wa aka cuta?

Ki rufa mini asiri, ki bar injin nan ya yi aikinsa.

Ƙanenki,
Assu

*

Tizgi, 12 ga Satumba, 1995

Ƙanena Assu,

Ina gaishe ka, in har za ka karɓi gaisuwata bayan ka gama karanta wannan.

Wasiƙarka ta iso ranar goma ga Agusta. Ta tarar na riga na yi abin da na yi. Ranar da smayim ya shiga ban ga amsarka ba, sai na je gona da tsakar rana Haddu na barci a inuwa, na cire bel ɗin injin na naɗe shi a cikin ulu na tura ƙarƙashin masaƙa. Haddu ya yi ta haƙilo yana zargin makiyaya. Ya sauka Azru neman wani, aka ce sai an aiko daga birnin Fas. Ina kallonsa ina zuba masa shayi.

Zaren ya ɗaga kwana biyu. A rana ta uku ya kwanta, bai sake tashi ba sai ranar Juma'a. A nan ne na tsaya a bakin ruwa na gane wautata. Ranar Juma'a ai ba Haddu kaɗai ke sauka masallaci ba. Duk kwarin ne ke kashe inji. Ni da nake ganin na fi kowa wayo a gidan nan, na ɗora wa rijiyarka laifin rijiya goma sha biyu. Ka faɗa mini haka a wasiƙarka, amma ta zo a makare, ni kuma ko da ta zo da wuri ban tabbata zan ji ba.

Ranar da na karanta maganar ƙirjinka na mayar da bel ɗin da hannuna, Haddu na tsaye. Ya tofar da yawu ya juya. Kwana goma sha shida ke nan ba ruwa. Tuffa ta zube ƙasa tana ƙanana kamar goro. Kuma da aka kunna injin, rabin awa ya yi ya fara jan iska. Su Akka sun ƙara wa rijiyoyinsu zurfi a watan nan, ruwan ya sauka ƙasa da taka. Layukan sama duk sun bushe, in ka karya reshe ƙara yake yi. Na ƙasa wajen sittin suna da sauran ganye.

Kifin ma ban cece su ba. A mako na uku na smayim suka fara tasowa, ciki sama. Kullum da safe Baba yakan shiga ruwa har gwiwa da kwando ya tsince su, ya duba bayan kowane, ya haƙa rami ya rufe. Shamuwa da hankaki sun taya shi. Tun ƙarshen Agusta ba mu ƙara ganin ko motsi ba a ƙarƙashin rumfar. Yana cewa wataƙila akwai waɗanda suka shige cikin dutsen inda ido ba ya kaiwa.

Na faɗa masa abin da na yi wa injinka. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wa ya aike ki?" Kwana uku bai yi mini magana ba.

Ban san da bakin da zan ba ka haƙuri ba. Na kashe maka shekara goma sha tara a kwana goma sha shida, ban sayi komai da su ba. Ka zage ni, Assu, ya fi mini sauƙi.

Yayarka,
Itto

*

Tizgi, 22 ga Oktoba, 1995

Assu,

Gaisuwa. Mako shida ba amsa. Na ji Fadma ta rubuto wa matar Haddu, don haka na san kana raye, na kuma san ka karanta. Ba zan dame ka ba. Amma kana da hakkin sanin yadda ta ƙare, tunda dabararka na bi.

Na sayi shida a hanyar Azru. Na ce wa Baba gawayi zan sauka saye, na ɓoye tulu biyu a cikin buhu. Na yanke musu fiffike da almakashin saƙa, na hau da su ranar Juma'a yana masallaci. Ban bar alfadari ya tsaya ba ko sau ɗaya. Na jiƙa tulun a tafki sai da sanyinsu ya zo ɗaya kafin na karkata bakin, yadda ya koya mana. Wannan kam na yi shi daidai.

Ranar Talata mai tabarau ya iso da hantsi, littafinsa a hammata. Rabin ƙauye ya biyo shi, har Akka, ba kunya. Baba ya sa farar jallabiyarsa ta Idi. Ya kama fara a ciyawa, ya soka a fatsa, ya tsuguna bayan dutsen gabas don kada inuwarsa ta faɗa ruwa. Jifa na farko ba komai. Na biyu ba komai. A na uku sandar ta lanƙwashe, kifi ya yi tsalle, jan zanen gefensa ya haska, mata suka rangaɗa guɗa. Wallahi Assu, na ɗan lokaci ni kaina na manta ƙarya ce. Na ga fuskar Baba yadda take muna yara.

Ya jawo shi a hankali ya sa hannu ya ɗauko. Ya shafa bayansa da babban yatsa. Ya juya shi ya dubi wutsiya. Sai na ga fara'ar ta ɓace daga fuskarsa.

Mai tabarau ya riga ya buɗe littafi. Ya ce, "Madalla, Baba Bassu. Ga shaida, fiffike a yanke. Na gani."

Baba ya ce, "Matso ka gani da kyau, ɗana. Yankan da ka yi a Afrilu ya isa ya warke sumul. Wannan jini ne a bakinsa. Dubi wutsiya, duk ta cinye, siminti ya goge ta. Dubi hanci. Wannan bai taɓa kwana bakwai a ruwana ba."

Yaron nan, Allah ya yi masa albarka, ya cire tabaransa ya sa a aljihu. Ya ce, "Baba, ni idona ba shi da kyau. Kifi na gani, mai shaida. Ka bar ni in rubuta."

Na matsa na kama hannun rigar Baba na ce, "Don girman Allah ka yi shiru."

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "In ka rubuta, baɗi za ka ba ni wasu ɗari uku in hau da su in dafa su a wannan kaskon. Na binne na bana da hannuna. Ba zan ƙara ɗauko rai in kawo shi nan ya mutu don a ce Bassu na da aiki ba. Mayar da tabaranka ka rubuta abin da ke akwai."

Ya rubuta. Layi ɗaya ne, na ji ƙarar alƙalamin. Baba ya cire fatsar a hankali, ya miƙa wa Akka kifin ya ce, "Ungo, kai ka shanye ruwansa, sai ka haɗa da naman." Ba wanda ya yi dariya.

A hanyar gida ya ce mini, "Almakashinki ba shi da kaifi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar har yau.

An soke Tizgi. Ya rataye sandar a saman ƙofa. Yana ci kaɗan, yana fita da safe da alfadari, ban tambaye shi inda yake zuwa ba don ba ni da fuskar tambaya. Ban faɗa masa maganar ƙirjinka ba, amma ina jin Haddu ya faɗa.

Ba na jiran amsa. Allah ya ba ka lafiya.

Itto

*

Tizgi, 5 ga Nuwamba, 1995

Ɗana Assu,

Ni ne ubanka. Itto ke rubutawa, na ce kada ta ƙara ko kalma, kada ta rage.

Ina gaishe ka, ina sa maka albarka. Na ji labarin ƙirjinka. Da ka faɗa mini da kanka.

Ka amsa wa yayarka wasiƙa. Abin da ta yi, saboda ni ta yi. In kana neman wanda za ka yi fushi da shi, ga ni.

Har yanzu sama ba ta zubo ba. Itatuwanka hamsin da uku suna da rai. Ruwan da ya rage a tafki ba mai shaƙarsa yanzu, don haka nake cika tulunan nan huɗu ina sauke musu, sawu biyar a rana. Ba zai ishe su ba in ba a yi ruwa ba kafin ƙarshen wata. Amma ka zo, wataƙila ka tarar da inuwar da za ka zauna.

Alfadarin ne bai gane ba. Ya saba zuwa tafki da kaya ya dawo wayam, yanzu an juya masa, sai ya riƙa tsayawa a hanya yana waiwayena. Ni ma ban fi shi ba. Jiya da ya tsaya na daka masa tsawa, na kama tulun ina girgizawa da sauri don kada kifi su shaƙe. Na daɗe ina girgizawa kafin na tuna ba kowa a ciki.

Ka gaida Fadma da jikokina. Allah ya kawo ka lafiya.

Ubanka,
Bassu